Hoton da Ya Kashe Fulgencio

Ni dai tun da nake ban taɓa ganin mutumin da ya mutu yana matashi, ya kuma ci gaba da cinye mana wake har furfura ta cika masa kai ba, sai mijin yayata, Fulgencio. A lokacin, in ka shigo San Lucas Tepozal ka tambayi gidan Fulgencio, sai a tsaya ana kallonka. Amma ka ce gidan marigayi, yanzu za a kai ka har ƙofa, ka tarar da marigayin zaune a kan kujera yana ɓare masara yana surutu.

Surutun nan shi ne ciwonsa tun yana ƙarami. Da jaki yana hira, da tukunya yana hira. A coci Fada na wa'azi, shi yana taya shi daga baya. Ranar aurensa da yayata Eufrosina sai da Fada ya ajiye littafi ya ce, "Ɗana, in ka gama ka gaya mini in ɗaura." Ni ce ƙanwar amarya, Crescencia, wadda ake kira Chencha mai kunu, kuma ina tsaye a wurin, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da yamutsi ya tashi, wato abin da 'yan makaranta yanzu suke kira juyin juya hali, mazan garinmu suka bi masu neman ƙwato gonaki daga hannun masu gandu. Mijina Macario ya tafi, muna cikin amarci. Fulgencio ma ya bi su. An ba shi bindiga da farko, amma ba a daɗe ba aka karɓe, domin ranar da suka yi wa sojojin gwamnati kwanton ɓauna shi ya tona musu asiri, yana ba na kusa da shi labarin yadda ake dasa barkono. Aka mai da shi wajen alfadarai. Su dai ba sa ƙorafi.

To, a wani gari can arewa aka yi artabu da safe. Kafin azahar an gama, an kwashe gawawwaki an binne saboda zafi. Sai ga wani Bature ɗan Amurka da akwatin hoto mai ƙafa uku, ya iso a makare. Wai mutanen ƙasarsu suna rububin katin hoton yaƙinmu, suna aika wa juna ta gidan waya, kuma wanda ya fi tafiya shi ne mai gawa a ciki. Ga shi ya zo babu gawa. Ya sa aka yi cigiyar wanda zai kwanta a ɗauke shi, ladansa kwanon wake da sigari.

Wa zai riga Fulgencio? Ya ce amma sai an ba shi waken tukuna, ya san halin baƙi. Ya cinye tas. Aka rataya masa jigidar harsashin wani, aka ajiye bindigar wani a gefensa, aka kwarara masa miyar jan barkono a ƙirji, aka rufe masa rabin fuska da malafa. Bature ya shige ƙarƙashin baƙin ƙyallensa, gawa kuwa tana tambaya ko a ƙasarsu ana cin wake da man alade. Ya fito ya roƙi gawa ta yi shiru, ya koma, gawa ta ce ƙuda na damunta. Har Bature ya fara naɗe kayansa. Sai rana ta yi aikinta, ga ƙoshi, ga gajiyar tafiya, barci ya kwashe Fulgencio. Shirun farko da ya taɓa yi ke nan a duniya, kuma shi aka ɗauka.

Mu muna gida ba mu san komai ba. Wani mai fataucin gishiri ne ya shigo da katin daga birni, yana nuna wa mutane a gaban rumfata. A ƙasan hoton an rubuta wai gwarzo ne, ya faɗi yana kare ƙasar kakanninsa. Eufrosina ta leƙa. Fuskar ba ta fito sosai ba, sai gashin baki da haɓa. Amma a gwiwar wandon akwai faci, da buhun fulawa aka yi shi, har rubutun buhun yana nan. Ita ta ɗinka shi da hannunta ranar da zai tafi. Ko ihu ba ta yi ba, ta sulale ta faɗi a kan tukunyar kununa.

Nan babu abin dariya, ni na gani. An yi addu'ar kwana tara, an yanka aladen da take kiwo aka ciyar da masu gaisuwa. Ta sa baƙaƙen kayan takaba. Ta daina ci, ta daina magana, ta rame har zoben aure yana zamewa daga yatsanta. Da cokali nake ɗura mata kunu. Ta ce mini, "Chencha, gidan ya yi shiru. Da ina roƙon Allah ya sa mutumin nan ya rufe bakinsa, ga shi ya amsa mini." Na zaci ita ma binne ta za mu yi.

Magajin gari kuwa ya aika birni aka faɗaɗa hoton, aka sa shi a gilashi, aka rataye a zauren ofishinsa. Garinmu ya samu gwarzo. Mutanen Santa Rita da ke ƙetaren rafi, masu raina mu, ko hoton kare ba su da shi.

Damina biyu ta wuce. Ranar kasuwa, rana tsaka, sai ga marigayi ya ɓullo ta hanyar rafi, da kaza a hammata, yana gaishe da mutane ɗaya bayan ɗaya. Kasuwa ta watse! Mai tumatir ta bar tumatir, mai nama ya haye bishiya da wuƙarsa. Fada ya fito da gudu yana yayyafa masa ruwan albarka, shi kuwa yana cewa, "Ƙara nan wajen wuya, Fada, zafi ake yi." Da jin haka kowa ya san ba fatalwa ba ce.

Na riga shi zuwa gida, amma numfashi ya hana ni magana. Ya shigo tsakar gida ya ce, "Eufrosina, me aka dafa?"

Ta miƙe a hankali. Ta zo ta duba gwiwarsa, facin yana nan. Ta taɓa fuskarsa, ta mintsini kunnensa har ya yi ƙara.

"Ashe kana raye."

"Da raina mana. Har da kaza."

Ta ɗauko katin daga gaban hoton Budurwa Maryamu inda take kunna masa kyandir, ta miƙa masa. Da mai hankali ne da ya durƙusa ya ba da haƙuri. Shi kuwa sai ya fashe da dariya har da dukan cinya. "Kai! Ashe na yi kyau haka? Wannan ai barci nake. Kin ga jinin nan? Barkono ne, har ƙirjina ya saɓule." Ya kwashe labarin Bature kaf ya ba ta.

"Wake," in ji ta.

"Da sigari. Mai kyau, ta Amurka."

"Na kusa bin ka kabari a kan kwanon wake."

"Haba, uwargida, ai ya wuce."

"Bai wuce ba. Na yi kukanka na gama, hawaye ba sa komawa ido. Na yanka aladena. Ni a wurina ka mutu, ga shaida a hannuna. Hoto ne ya kashe ka, to hoto ya tashe ka. Ranar da ka kawo mini hotonka a tsaye, fuska tar, kamar mai rai, ranar zan cire baƙin nan in kira sunanka. Kafin nan, marigayi, zauna in zuba maka abinci."

Duk wanda ya san Eufrosina ya san ba ta magana biyu. Shi ya ɗauka fushin mako guda ne. Ina! Ta ci gaba da takabarta, tana dafa masa abinci, tana wanke masa kaya, har ta haifa masa 'ya'ya mata, duk a cikin baƙi. "Marigayi, jakinka ya kwance." "Marigayi, sauke ƙafarka daga kan tebur." Gari ya ɗauka, ni ma na ɗauka, don ai ƙanwar mata ce ni, tsokanarsa haƙƙina ne. Yana dariya tare da mu, amma abin yana cinsa. Ya taɓa ce mini, "Chencha, sunana a bakin yayarki daban yake fita. Na manta yadda yake."

Macario nawa bai dawo ba. Na tambayi Fulgencio, ya ce an raba rundunarsu tun da wuri, daga nan bai ƙara ganinsa ba. Babu kabari, babu hoto, babu wanda ya zo ya ce mini ga inda ya faɗi.

Mai hoto ɗaya muke gani a shekara, Nicanor, da yake zuwa bikin waliyyin garinmu da akwatinsa da dokin katako da labule mai zanen dutse. Akwatin irin na da ne, sai ka tsaya cak kamar an dasa ka har ya buɗe idon akwatin ya rufe. Fulgencio ne farkon layi kowace shekara, da wankakkiyar riga, an shafe gashin baki da mai.

"Malam Fulgencio, kada ka motsa."

"Ni? Ai ko numfashi ba zan yi ba."

"To yi shiru."

"Na yi. Ka gani ko? Ni in na ce zan yi shiru..."

"Ka ɓata!"

Hoto ya fito, malafa tar, riga tar, takalmi tar, fuska kuwa kamar an goge ta da tsumma. Ya kai gida. Eufrosina ta duba sama ta duba ƙasa ta ce, "Rigar dai na gane ta. Wa ke ciki?"

Wata shekara Nicanor ya gaji, ya ciro ƙyallen wuyansa ya ɗaure masa haɓa, ya ƙulle a tsakar kai. Ranar fuska ta fito, har ƙwayar ido. Fulgencio ya taho gida da gudu, ni ina biye don kada a ba ni labari. Eufrosina ta karɓa, ta daɗe tana kallo, na ce yau dai an gama. Sai ta miƙa masa abinsa.

"A garin nan wa ake ɗaure wa haɓa?"

Ya sake duban hoton.

"Gawa ake ɗaure wa haɓa, marigayi. Wannan ai ya fi na farkon mutuwa."

Ya je wurin magajin gari ya ce a sauke hoton zaure, tunda ga shi a raye. Magajin gari ya ce, "Malam Fulgencio, kai naka ne, hoton kuwa na gari ne. Baƙi daga gwamnati suna zuwa su cire hula a gabansa. So kake mutanen Santa Rita su yi mana dariya?" Don a lallashe shi aka ba shi kujerar gaba a bikin tunawa da juyin juya hali. Duk shekara shi yake ɗaukar furanni ya ajiye a ƙarƙashin gawarsa, 'yan badujala suna busa, yana gyara wa mai jawabi kuskure.

Ana nan sai gwamnati ta turo mai zane daga babban birni, wai a zana tarihin gwagwarmaya a bangon makaranta, yadda ake yi ko'ina a lokacin. Wani siriri ne mai gashi buzu-buzu, ana ce masa Maestro. Gari ya rikice. Mutanen da suka ɓuya a rumbun masara duk tsawon yaƙin suka fito da malafa da aron bindiga suna shawagi a gaban makaranta, ko Allah zai sa a zana su. Fulgencio ya ce tasa ta zo. Fenti ba ruwansa da motsin baki, kuma zane ai ɗan'uwan hoto ne. Ya tambayi Eufrosina, ta ce in a tsaye ne ta yarda.

Ya je ya tarar da Maestro a kan tsani, da katin nan a hannunsa.

"Maestro, barka da aiki. Mutumin da ke hannunka ni ne."

Maestro ya dube shi, ya dubi kati. "Ɗan'uwanka ne?"

"Ni ne da kaina. Ga gwiwar, wandon ne dai ya mutu. So nake ka zana ni a tsaye, ko da a can gefe ne wajen alfadarai."

"Baba, kada ka yi wasa da jinin gwaraza. Dubi fuskar nan. Dubi kwarjini, dubi natsuwa. Wannan mutum ne da ya san abin da ya mutu dominsa."

"Wake ne."

"Ba ku ma yi kama ba," in ji Maestro, ya juya ga bangonsa.

Da aka yaye labule, ga Fulgencio kwance daga ƙofar aji har taga, tafin ƙafarsa kaɗai ya kai girman tukunyar kununa. Masara tana tsirowa daga ƙirjinsa, daidai inda aka zuba barkono. An zana mai nama yana tsaye a kansa da tuta, shi da ko ƙarar bindiga bai taɓa ji ba. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Da na waiga na ga fuskar mijin yayata, sai na daina dariyar.

Washegari da rana tsaka, lokacin da gari ke barcin rana, ya ɗauki tsani ya nufi zauren magajin gari. Bango ya fi ƙarfinsa, amma na gilashin nan ya rantse sai ya jefa shi a rafi. Abin da bai sani ba, a irin wannan lokacin nake zuwa wurin. Ba ni kaɗai ba ma, mu da yawa ne, matan da mazansu da 'ya'yansu suka tafi ba su dawo ba, kowa da lokacinta. Malafa ta rufe fuskar, ka gane? In ka ƙi kallon facin gwiwa, kowa zai iya zama. Ni Macario nake gani. Ina tsaye ina gaya masa rufin ɗaki yana yoyo, ina yi masa faɗan ya bar ni da aiki, sai na ji motsi a bayana.

Fulgencio ne, da tsani a kafaɗa. Ya ji komai. Na jira tsokana, don da ni ce na kama shi da ba zan raga masa ba. Ya tsaya cak, bakinsa a rufe, idonsa a kan hoton. Na rantse da Allah, da Nicanor yana wurin da akwatinsa da an samu abin da ake nema. Can ya juya da tsaninsa ya fita. Bai ƙara maganar a sauke hoton ba, amma layin Nicanor bai taɓa fashi ba.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi, ana saura kaɗan bikin waliyyi. Yana kwance yana ba ƙudaje labarin yaƙi. Ina ɗakin ya kamo hannun Eufrosina.

"Uwargida, a yi mini rangwame mana. Ki kira sunana sau ɗaya. Ba wanda zai ji sai Chencha, ita kuma ba a yarda da maganarta."

Ta gyara masa bargo ta ce, "Nicanor ya kusa zuwa. Ka tashi ka je ka tsaya masa kamar mutum, ka ji abin da kake so." Daga baya ta gaya mini dabara ce. Ta ɗauka in ta riƙe sunan, dole ya tashi ya zo karɓa.

Ranar da Nicanor ya sauke kayansa a dandali, da hantsi, Fulgencio ya tsaya a tsakiyar labari. Eufrosina tana murza masara a waje. Shirun ne ya shigo da ita, ta tarar ya cika.

Mata suka zo za su ɗaure masa haɓa, ta ce duk wadda ta taɓa shi sai ta karya mata hannu. Ta aika a kira Nicanor. A wajenmu ɗaukar mamaci hoto ba baƙon abu ba ne, a kwance cikin furanni. Ta ce ba a kwance ba. Aka sa masa wankakkiyar riga, ta shafa masa mai a gashin baki, ta buɗe masa ido da yatsanta. Mazajen 'ya'yansa suka jingina shi da bangon tsakar gida, ɗaya ya ɓuya a bayan bargo yana tallafe da shi. Ta tura malafar baya yadda fuska za ta fito.

Sai ta shige ɗaki. Ta fito da rigar rawaya, wadda ta sa ranar da ta raka shi bakin rafi zai tafi yaƙi. Ta matse ta, maɓallan baya ba su rufu ba, tana warin akwati. Masu gaisuwa duk suna cikin baƙi, matar mamaci kaɗai ce a rawaya. Ta je ta tsaya a gefensa ta saƙala hannunta a nasa.

Nicanor ya shige ƙarƙashin ƙyallensa. "Kada kowa ya motsa."

"Ka ji ko, Fulgencio," in ji ta. "Tsaya cak, Fulgencio. Fulgencio, ga ni nan."

Ta yi ta faɗa, Nicanor bai ce mata "Kin ɓata!" ba.

Hoton yana ɗakina yanzu, tun da ita ma ta bi shi. Ya fito tar, a tsaye, har ƙwayar ido, kamar yanzu zai tambaye ka me aka dafa. Ita ce fuskarta ba ta fito ba. Rigar kawai ake ganewa.